Kyamarorin Baba Kar-a-Motsa

A layin da ke bayan tashar mota babu wanda ya san shi da wani suna sai Kar-a-Motsa. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana ɗaukar hoto a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da fenti, kuma duk wanda ya taɓa zama a kujerar nan tasa ta ƙarfe ya ji kalmar daga bakinsa. Zai gyara maka wuyan riga, ya kama haɓarka da yatsu biyu ya ɗan karkata ta, ya ja da baya ya sunkuya, sannan ya ɗaga hannun hagu ya ce, "To, kar a motsa." Ko jinjiri aka kawo masa sai ya faɗa. Matarsa ma, Allah ya jiƙanta, in ta so tsokanarsa da wannan sunan take kiransa cin abinci.

Dogo ne siriri, mai tsabta har tana neman yin yawa. Sana'ar ba ta sa ya yi arziki ba, amma ta rufa masa asiri. Da ita ya riƙe gidan hayar da yake ciki tun yana ango, da ita ya yi wa 'ya'yansa biyu karatu: babban, wanda aiki ya kai shi wata ƙasa mai nisa, da Auta, wadda ta zama nas a asibitin cikin gari.

Tara kyamarori kuwa ba da niyya ya fara ba. Ta farko ubangidansa ne ya bar masa, mutumin da ya koya masa aiki. Tsohuwa ce ta katako mai zugazugi irin na maƙera, wadda sai ka lulluɓe kanka da baƙin mayafi kafin ka ga abin da za ka ɗauka. Daga baya zamani ya juya, fim ya fara wuyar samu, masu hoto suka riƙa rufe shaguna ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya koma sayar da katin waya, wancan ya koma gona. Kowa in zai tafi sai ya biyo ta wurinsa da tasa a jaka, ya ce, "Riƙe ta, kai ne mai haƙuri da su." Wata ma a baron 'yan gwangwan ya hango ta, tsakanin mataccen risho da fiffiken fanka, ya bi mai baron har ƙarshen layi yana roƙo. Kafin ya ankara sun kai hamsin da bakwai. Ya jera su a kabad biyu masu gilashi, a ɗakin da babban ɗansa ya tashi ya bari.

Duk Asabar da hantsi sai ya shimfiɗa farin tawul a kan tebur, ya riƙa fito da su ɗaya-ɗaya. Ya hure ƙura, ya goge idon da ƙyalle mai laushi, ya murza, ya kanga a kunne ya danna. Da ƙarar kawai yake sanin lafiyar kowacce. "Wannan mura take yi," in ji shi, in ya ji ta yi nauyin rufewa. Kowacce da sunanta. Akwai Mai-ido-biyu, akwai Amarya, akwai Kurma, wadda in ta ɗauka ba ka ji. Sai kuma Baƙa, wadda ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki da ita. Duk cikinsu babu mai muninta. Fentinta ya goge a kusurwoyi har tagullar ciki ta fito, murfin bayanta sai an taimaka masa da salatif, igiyar ratayarta kuwa tsohon bel ɗinsa ne da maƙwabcinsa mai takalmi ya yanke ya ɗinke. Amma rabin mutanen unguwar da ita aka ɗauke su, hoton fasfo, na makaranta, na neman aiki, har waɗanda yanzu hoton ne kaɗai ya rage a bangon gidajensu.

Shagon ya rufe shi ne a shekarar da aka yi wata guda cur babu wanda ya zauna a kujerar ƙarfen. Bayan shekara biyu matarsa ta rasu. Ba a daɗe ba hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko sai in ya ɗauki kofin shayi, daga baya ko a cinya ya ajiye shi ba ya tsayawa. Auta ta kai shi wurin likita, aka yi gwaje-gwaje, aka rubuta ƙwayoyi, aka ce ciwon ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. A hanyarsu ta komawa ya dubi hannun ya ce, "Kin gani ko, Auta? Shekara arba'in ina hana mutane motsi, yau ga nawa ya ƙi jin magana." Ya yi dariya. Ita kuwa ta juya fuskarta wajen tagar mota.

Yana da shekara saba'in da shida takarda ta zo. Mai gidan ya rasu, magada sun sayar, wanda ya saya rushewa zai yi ya gina shaguna. Wata uku aka ba shi.

Auta ba ta tsaya wata shawara ba. "Baba, dama ni hankalina bai taɓa kwanciya da zamanka kai kaɗai ba. Ɗakin nan na kusa da falo za mu gyara maka. Da banɗaki a ciki, kuma babu matakala."

"Su fa?" ya ce, ya nuna ɗakin kabad da haɓa.

Gidanta ɗaki uku ne, ita da mijinta da 'yan matansu biyu. Bayan kwana biyu ta kai shi ya gani da idonsa. Gado, kujera, durowar kaya, taga mai kallon katanga. A saman gadon akwai kanta guda ta katako, wadda mijinta ya kafa da hannunsa. Mijin malamin makaranta ne, mutumin kirki, irin mai yi maka hidima tun kafin ka buɗe baki. Tsoho ya auna kantar da tafin hannunsa mai rawa. Taƙi huɗu da rabi.

"Biyar za ta ɗauka," ya ce. "In an matsa su."

"To ai biyar ma ba laifi, Baba," in ji surukin da fara'arsa. "Ka zaɓi 'yan gaban goshi, sauran a nema musu inda za a ji daɗinsu."

Neman wurin nan shi ya ci wata biyu. Ya sa rigarsa mai kyau ya je wata kwaleji da ake koyar da zane da ɗaukar hoto, ya zauna a benci awa biyu. Shugaban sashen ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ce kai, wannan ai tarihi ne. Sai dai ɗakin duhunsu na wanke hoto an mai da shi wurin ajiye karyayyun kujeru tun tuni, kuma kyauta irin wannan sai an rubuto takarda, kwamiti ya zauna. Auta ta rubuta, ya sa hannu, sa hannun da shi kansa bai gane ba. Kwamiti bai zauna ba. Ya nemi tsofaffin abokan sana'a. Wasu sun riga mu gidan gaskiya, ɗaya ya makance, ɗaya kuma ya ce, "Ni da na samu na rabu da ita, za ka dawo min da ita?" Babban ɗansa ya ce ta waya a can inda yake irin waɗannan suna da daraja ƙwarai, a ɗauki hoton kowacce a turo masa. Aka tura. Ya ce zai duba. Aiki ya yi masa yawa.

Mutum ɗaya ne ya zo da gaske, mai wani sabon gidan cin abinci a bakin babban titi. Ya shigo yana ƙamshin turare, yana kaɗa makullin mota, ya tsaya gaban kabad yana ta "Kai! Kai!" Ya ce duka yake so. Tsoho ya fara jin sanyi a ransa, ya tambaye shi da wace iri yake ɗauka.

"A'a, Baba, ni ban iya ba. Ado zan yi da su. Bango guda na ware, in aka jera su wurin zai yi kyau sosai."

Yana maganar ya ɗauki Mai-ido-biyu, babban yatsansa dumu-dumu a tsakiyar gilashin. Tsoho ya miƙa hannu biyu ya karɓe ta a hankali, kamar mai karɓar jinjiri daga wanda bai iya riƙo ba, ya ce zai yi tunani. Mutumin ya ajiye katinsa a kan tebur ya tafi. Katin ya zauna a nan ƙarƙashin kwalbar magani, don shi ba mai jefar da takarda ba ne.

Damina ta sauka. Kwanon ɗakin ya fara yoyo a kusurwa, kuma wa zai gyara gidan da za a rushe? Wata Asabar ya ɗaga Amarya wajen haske, sai ya ga wani farin abu kamar saƙar gizo a cikin idonta. Fumfuna ce. Ya san in aka bar ta cinye gilashin take yi, ya kuma san maganinta: a buɗe, a goge, a shanya. Aikin da a da yake yi yana sauraron rediyo. Ya ɗauko ɗan sukundirebansa. Bakin ya ƙi zama a kan notin. Ya riƙe hannun dama da na hagu, ya danne gwiwar hannu a tebur, ya ɗauke numfashi. Da ƙyar ya kwance guda ɗaya, ɗan notin da bai kai kan ashana ba, shi kuma ya yi tsalle ya faɗi ƙasa. Ya durƙusa yana lalube a siminti har rana ta take, bai gan shi ba. Da ya samu ya miƙe sai ya zauna yana duban sauran ta cikin gilashin kabad. Ya san fumfunar tana nan tana bin su ɗaya bayan ɗaya, kuma babu abin da zai iya.

Zaɓen biyar ɗin ma ya gagara. Kullum da safe sai ya fitar da biyar ya jera a kan tawul. Baƙa ba ta cikin gardama, ita ce ta farko kullum. Ta ubangidansa ma dole ce, amma ita kaɗai za ta cinye wurin uku. In ya ɗauki wannan sai ya tuna wanda ya kawo masa waccan, da yadda ya tsaya a bakin ƙofa yana waiwaye. Kafin yamma ya mayar da su duka, kowacce a gurbinta. Auta ta kawo kwalaye, suka yi ta zama a tsakar ɗaki babu komai a ciki.

"Baba, saura kwana tara fa."

"Na sani."

"To ka nuna min kawai, ni in ɗauka."

"Gobe, in Allah ya kai mu."

Saura kwana shida ya taka kujera zai sauko da jakar Baƙa daga saman kabad. Kujerar ta goce. Ya kwanta a simintin nan tun hantsi, yana jin masu talla suna wucewa a layi, yana kira muryarsa ba ta kai ƙofa, sai da maƙwabciyarsa ta shigo kwashe shanyarta da yamma ta ji nishi. Ƙashin ƙugu ne ya karye. Aka yi masa aiki a asibitin da Auta take, ya yi kwanaki bai san inda kansa yake ba.

Ranar tashi kuwa ba ta jira shi ba. Auta tana kan mahaifinta ba hutu, sai mijinta ya nemi izinin kwana biyu a makaranta, ya ɗauko akori-kura. Daga ɗakin kabad ya kira ta a waya.

"Waɗanne Baba ya ce a ɗauka?"

Ta dubi tsohon, yana barcin allura baki buɗe. "Bai faɗa ba. Ka duba masu kyau ka ɗaukar masa biyar."

"Ga katin wani a kan tebur, ga alama sun yi magana."

"To kira shi mana. Ni kaina ya ɗauki zafi."

Malamin ya yi iya saninsa. Ya bi kabad ɗin a tsanake, ya zaɓi biyar da suka fi sheƙi, waɗanda babu ko ƙwarzane a jikinsu, ya naɗe kowacce a tawul. Bai san abin da ya hana su ƙwarzanewa ba. Uku tun suna sababbi suka lalace, ba su taɓa aikin kirki ba. Biyu kuwa na roba ne da aka yi wa fentin azurfa, irin waɗanda ake haɗa wa mutum kyauta in ya yi sayayya. Tsoho ya ajiye su ne kawai don ba ya iya jefarwa. Sauran, mai gidan abinci ya turo mota ta kwashe.

Sai bayan sati uku aka sallamo shi. Aka shigo da shi a keken marasa lafiya, jikokinsa suna ta murna, surukin yana gaba ya buɗe ƙofar ɗakin ya nuna kanta. An goge su, an jera su daga babba zuwa ƙarama, har da farin ƙyalle a ƙarƙashi.

Ya dube su ɗaya-ɗaya. Ya sake dubawa daga ɗaya gefen.

"Sauran fa?"

Surukin ya yi masa bayani.

"Har da wata baƙa, mai igiyar fata?"

"Mai salatif ɗin nan? Ai na ga ta gaji sosai, Baba. Na ce kar in cika maka wuri da wadda ta mutu."

Tsoho ya buɗe baki. Sai ya ga idon mutumin nan ja saboda gajiya, ga filasta a yatsansa inda gilashin kabad ya yanke shi. Ya mai da bakin ya rufe. Can ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Allah ya yi albarka."

Auta da ke riƙe da keken ta san Baƙa tun tana rarrafe. Kalma ɗaya ce da ta faɗa a wayar nan da ta wadatar, kuma wallahi ba ta tuna ba. Ta ɗora hannu a kafaɗarsa za ta yi magana, ya ɗan girgiza mata kai, alamar ta bari.

Wata biyu ya ɗauka kafin ya iya tafiya da sanda. Ranar da Auta ta samu hutu ya ce ta kai shi inda kyamarorin suke. Gidan abincin gilashi ne daga sama har ƙasa, ga sanyin esi, ga kiɗa a hankali, mutane suna cin abinci suna danna waya. Bangon yana fuskantar titi, ranar yamma tana dukansa sosai. Ga su nan, sahu biyar. Ta ubangidansa tana can sama, an zura mata ƙwan fitila a cikin zugazugi. Mai-ido-biyu an kafa ta kai a ƙasa, ba su san sama da ƙasanta ba. Baƙa tana sahu na uku, kusa da ƙofar kicin. An cire igiyar, an ɓare salatif ɗin.

Manajar wurin ta zo da murmushi za ta nuna musu tebur. Ya gaishe ta, ya ce, "Baiwar Allah, waccan baƙar, ko za a iya sauko min da ita?"

Auta ta yi mata bayani. Matar ta ce Allah sarki, ta kira mai gidan abincin a waya, shi kuma ya ce babu komai, a ba Baba abarsa. Aka kira mai gadi, wani dattijo, ya zo da sukundireba ya taka benci. Ya daɗe yana murzawa. Da ta fito sai ga dogon noti biye da ita, an huda ta tun daga murfin baya, ya ratsa siririn labulen da ke buɗewa ya rufe in an danna, ya fasa madubin ciki. An kuma ɗura mata gam don kar ta juya.

Tsoho ya zauna a kujera ya ɗora ta a cinya. Ya sa babban yatsa zai murza, ta ƙi motsi. Duk da haka ya kanga ta a kunne ya danna. Ya ɗan jira, ya sake dannawa. Wata mata a teburin kusa ta daina tauna tana kallonsa.

Ya miƙa wa mai gadin. "Mayar da ita, ɗan'uwa. Sannu da wahala."

"Baba, mu tafi da ita mana," in ji Auta. "Ai sun ba mu."

"Bar ta. Ko na kai ta gida kallonta kawai zan yi. Su ma nan kallon suke yi."

Ya jira har aka gama ɗaure ta. Sannan ya dogara sanda ya miƙe, ya ce wa manajar, "Alfarma ɗaya, 'yata. In yamma ta yi a riƙa sauke labulen tagar nan. Rana tana ƙona su ta ido."

Matar ta dubi tagar, ta dube shi. Ta ce gaskiya don masu wucewa su hango bangon ake barin ta a buɗe, amma za ta faɗa wa mai wurin. Ya ce ya gode. A mota, da suka kusa gida, ya ce wa Auta kar ta kuskura ta faɗa wa mijinta inda suka je.

Yana nan har yanzu a ɗakin kusa da falo. Ƙugun ya haɗe, amma hannun hagu ya fara bin na dama, Auta ce take sa masa maɓallan riga kafin ta fita aiki. Jikokin suna kawo masa shayi a kofi mai murfi. Duk baƙon da ya zo gaishe shi, surukin sai ya rako shi har ɗaki, ya nuna masa kantar ya ce, "Hamsin da bakwai ne fa a da. Ni na zaɓar masa waɗannan." Baƙo ya ɗaga kai ya ce kai, kamar sababbi. Tsoho ya ce, "Ƙwarai kuwa," sannan ya tambayi baƙon yaya ya baro mutanen gida.